Abin da Ake Sa wa Baba Bahago a Koko

Shekara goma sha ɗaya ina dama koko a Ƙofar Gayan, ban taɓa zaton za a wayi gari a cuci mutum da abin da hannuna ya dama ba. An cuta kuwa, a kan idona, kuma ina cikin waɗanda Allah zai tambaya.

Sunana Tani. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da gidan Baba Bahago, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen gyaran kawunan jirgi masu tafiya da kwal da tururi. Matarsa ta rasu, abokan aikinsa duk sun riga shi, 'ya'yansa mata suna ɗakunan mazajensu a wasu garuruwa. Gidan ya rage daga shi sai ɗansa Sadiƙu, ma'aikacin gwamnati, da matar ɗan, Sailuba, da 'yarsu budurwa Zakiyya. Suna da famfon burtsatse a tsakar gida, a nan nake ɗiban ruwan sana'ata. Kullum da safe nakan shiga da bokiti biyu da kofin kokon tsohon.

A ɗan ɗakin da ke jikin zaure Baba yake wuni, yana ƙera kan jirgi. Ƙarami ne, tsawonsa bai kai kamu biyu ba, amma ba irin motar gwangwanin da yara ke ja da zare ba ne. Komai nasa a kan awo yake: abin da ya kai ƙafa ɗaya a babban jirgi, rabin inci ne a nasa. Ba ya sayen komai a ƙere. Tukunyar ruwan daga bututun jan ƙarfe ya yanko ta, ƙafafun kuwa tsofaffin kawunan famfo na tagulla ne ya yi ta ci da magagari har suka zama abin da yake so. Zanen ma daga kansa ya fito da shi, a bayan takardar siminti. Shekara huɗu ke nan yana abu ɗaya.

"Tani, ajiye bokitin nan ki zo ki gani," haka yake tare ni.

Sai ya ɗora mini wani ɗan ƙarfe a tafin hannu, bai fi ƙwayar gyaɗa ba.

"Baba, a kan wannan ɗan mitsitsin ka kwana uku?"

"Huɗu. Shi ke buɗe wa tururi hanya, shi ke rufewa. In ya kauce da kaurin gashi ɗaya, jirgi ba zai motsa ba."

Ni ba ganewa nake yi ba. Tsayawa dai nake yi, don na lura duk gidan ba mai tsayawa. Burinsa ɗaya ne, ya sha faɗa mini: ya zuba ruwa, ya hura gawayi a cikinsa, ya ga ya tashi da ƙarfin kansa ya tafi daga bakin zaure zuwa gindin famfo. "Sau ɗaya tak, Tani. Daga nan duk wanda ya ga dama ya ɗauka."

Sadiƙu kunyar abin yake ji. A majalisarsu abokansa sukan ce masa, "Ya direban jirgi, ya iso tasha kuwa?" a yi dariya, shi ma ya yi ta yaƙe, ya shigo gida yana cika yana batsewa. Sailuba kuwa ƙarar magagari ce ba ta so, wai har cikin haƙoranta take jin ta, ga warin darma in yana liƙi. Gaskiya ƙarar ba daɗi, ni ma ina jiyo ta ta kan katanga. Amma injin markaɗen unguwarmu ya fi ta sau goma, ban ga wanda ya kai ƙararsa ba.

Ranar da dangin saurayin Zakiyya za su zo neman aure, a zaure za a sauke su, jikin ɗakin Baba. Da na miƙa wa Sailuba kofin, sai na ga ta shige madafa da shi maimakon ta kai masa. Na bi ta don in karɓi murfin da na rufo kofin da shi. Na tarar ta ɗora rabin wata farar ƙwaya a faranti tana murƙushewa da bayan cokali.

"Sailuba, mene ne wannan?"

"Ta barci ce kawai, a kemis aka karɓo. Yau ɗaya, Inna Tani. Kin san halinsa, yanzu sai ya jawo surukai ya ce su zo su ga jirgi. Mutanen nan masu mutunci ne."

Ta juya kokon ta ƙara sukari. Na ɗauki murfina na fita.

Baba bai farka ba sai bayan la'asar. Shi ne babba a gidan, a wurinsa ya kamata a nemi auren, amma wani kawun Sadiƙu aka ɗauko daga Ƙofar Galadima ya zauna a madadinsa. Baƙi da suka tambaya aka ce jikin ne ya ɗan motsa. Da ya tashi ya ji an gama, ya daɗe zaune a bakin gado, ya ce, "Ikon Allah. Ban taɓa barci irin wannan ba." Har haƙuri ya ba Sadiƙu.

Gidan ya ɗanɗana shiru, ya ji daɗinsa. Bayan kwana biyar Sadiƙu ya yi baƙi daga ofis, aka sake. Ranar da kan Sailuba ke ciwo, aka sake. Kafin wata ya ƙare an daina neman dalili, rabin ƙwaya kuma ta zama guda.

Na ga mutumin nan yana zubewa kamar katangar ƙasa a damina. Da fari barcin ne, ya kai azahar a kwance, ya tashi da nauyin baki. Sai hannun ya fara rawa, hannun hagun nan da yake zare waya mai kaurin gashi da shi. Wata safiya na same shi ya ɓata sandar tagullar da ke haɗa ƙafafun jirgin, aikin mako uku, ya huda rami inda ba nan ba ne. Ya riƙe ta yana juyawa kamar wani ne ya shigo ya yi masa ɓarna. Wata rana ya kama ƙarfen liƙi ta wajen zafin. Ya fara mantuwar raka'a. Ranar wata Juma'a jiri ya kwashe shi a kan hanyar masallaci, masu Keke suka kawo shi gida da ƙasa a gemu.

Daga ranar Sadiƙu ya ce ya riƙa salla a ɗaki, ai Allah ya ɗauke wa mara lafiya. Da ma masallacin ne kaɗai inda yake ganin mutane. Labari ya zaga unguwa cewa tsufa ya taɓa kan Bahago, aka ce ai da ma alama ta nuna, dattijo da wasan yara. Masu zuwa dubiya sukan tsaya daga bakin ƙofa su ɗaga murya kamar suna magana da kurma, su ce, "Baba, ka gane ni?" Kafin ya haɗa amsa sun juya wajen Sadiƙu suna yi masa sannu da ɗawainiya. Daga baya su ma suka ɗauke ƙafa.

Na sami Sailuba na ce abin nan ya isa haka.

"Inna Tani, ke kokonki kike kawowa ki tafi. Ni nake wuni da shi. Ni ke wanke masa kaya, ni ke share ƙurar ƙarfen nan. Mutum mai shekara kusan tamanin, hutu ne bai kamace shi ba?"

Sadiƙu ma na tare shi a zaure yana shirin fita ofis. Bai ko musa ba.

"Inna, ubana ne fa. Kina ganin zan cuce shi? Wasu ƙauye suke tura nasu su manta da su. Ni ga shi a gabana, ci da sha da sutura ba abin da ya nema ya rasa. Wuta yake wasa da ita a ɗaki, in gobara ta tashi har gidanku za ta ci. A bari a gama bikin nan lafiya, sai a duba."

Ya tayar da babur ɗinsa ya tafi. Haka suke, kowa ka taɓa sai ya nuna maka alherin da yake yi.

Abin da ya karya mini zuciya ya faru wata Talata. Na leƙa ɗakin na same shi zaune a ƙasa, jirgin a gabansa, ma'auninsa na ƙarfe a hannu. Bai ce in zo in gani ba.

"Tani, kaina ya fara barina," ya ce a hankali. "Ma'aunin nan shekara hamsin yana aljihuna. Ɗazu na duba shi na rasa ta wane gefe ake fara karantawa." Ya share bakinsa da hannun riga. "Jirgin ma na haƙura da shi in ta kama. Abin da nake tsoro, kada ranar tafiya ta zo kalmar shahada ta ɓace mini yadda lamba take ɓace mini. Kullum ina maimaita ta don kada ta gudu."

Ban san sanda na durƙusa ba. Na leƙa tsakar gida, Sailuba tana bayi. Na faɗa masa komai, tun daga ranar neman auren, da farantin, da bayan cokalin.

Na zaci zai yi faɗa, ko ya yi kuka. Bai yi ko ɗaya ba. Can sai na ga fuskarsa ta saki.

"Ashe ba kaina ba ne," ya ce. "Alhamdu lillahi. Ashe ba kaina ba ne, Tani."

Murna yake yi. Mutumin da aka yi wata uku ana kwantar da shi kamar jariri mai rigima, abin da ya fara zuwa masa murna ce. Na fita da bokitina ina hawaye, rabin ruwan a hanya ya zube.

Daga washegari ya daina sha. Yakan karɓi kofin ya yi godiya, in Sailuba ta juya ya tuttule shi a wani tsohon gwangwanin fenti da ke ƙarƙashin bencinsa, ya zauna da yunwa har abincin rana. Kwanakin farko ya sha wuya, ga zufa ga rawar jiki, idonsa ya faɗa. Wajen kwana goma hannun ya fara dawowa. Ya sake yanko tagulla ya fara sabuwar sanda, ya naɗe bakin bencin da tsumma don rage ƙara. Sai dai magagari ba ya ɓuya. Sailuba ta ji, ta mai da ƙwaya ɗaya biyu, ƙara ba ta daina ba. Ranar da ya shiga wanka ta bincike ɗakin, tsamin kokon ya kai ta ga gwangwanin.

A makon ne babbar 'yarsa Delu ta zo daga Kaduna don shirin biki. Ita ce yake jira. Ranar Asabar da hantsi ina gindin famfo, Sadiƙu da Sailuba da Delu suna zaune a tabarma suna maganar kayan ɗaki, sai ga Baba ya fito da farar riga da hula, tsaf da shi, yana tafiya ba tangaɗi. Ya tsaya a kansu.

"Delu, ina so ki ji da kunnenki. Ƙwayar barci ake sa mini a koko. Wata uku ke nan. Ba ciwon da nake yi."

Delu ta dubi ƙanenta. Sadiƙu ya sunkuyar da kai ya girgiza shi, ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya gaji da haƙuri.

"Yaya, kin ji irin abin da nake gaya miki a waya ko? Yanzu kuma zargi ya shiga. Abinci ma ya daina ci, tara shi yake a gwangwani a ƙarƙashin benci. Sailuba, ɗauko mata ta gani."

Aka kawo gwangwanin, ya yi kumfa yana wari. Delu ta toshe hanci, idonta ya kawo ruwa.

"Baba, wa ya ce maka ana sa maka wani abu?"

"Wadda ta gani da idonta. Ga ta nan." Ya juyo gare ni, fuskarsa a sake, ba ko shakka a cikinta. "Tani, faɗa mata abin da kika faɗa mini."

Ruwa yana zuba a bokitina har ya cika yana malala. Sailuba ta taso ta kashe famfon, ta tsaya dab da ni, ta ce da muryar da ba ta wuce mu biyu ba, "Kokon dai daga gidanki yake fitowa."

A tsayuwar nan na tuna abubuwa da yawa, kuma ba ko ɗaya da zan yi alfahari da shi. Na tuna in aka ce an sami ƙwaya a kokon Tani, ba mai sake aiko yaro da kofi. Na tuna famfon. Na tuna sunan da ake ba macen da ta shiga gidan mutane ta haɗa uba da ɗa, ana saura mako uku biki. Bakina ya buɗe da kansa.

"Ni koko kawai nake kawowa. Ban ga komai ba."

Baba bai ce na yi ƙarya ba. Ya dube ni, ya ɗan karkata kai kamar bai ji daidai ba, yana jira in gyara. Ban gyara ba. Delu ta fashe da kuka ta kama hannunsa tana cewa, "Sannu Baba, Allah ya ba ka lafiya, zo ka kwanta." Da ya ce mata lafiyarsa lau, sai kukan ya ƙaru.

A ranar suka yanke shawara, wai don kada ya ji wa kansa ciwo. Sadiƙu ya kwashe magagarai da guduma da awartaki da ƙarfen liƙi ya zuba a buhu ya kulle a ɗakinsa. Jirgin suka bar masa, Delu ta ce a bar shi ya riƙa kallo, zai ɗebe masa kewa. Saura sanda ɗaya da bututun usur ya kammala.

Washegari na kai koko. Kada ku tambaye ni da wane ido, na kai dai. Sailuba ta karɓa za ta shige madafa, sai muka ji muryarsa daga bakin ɗakin.

"Sailuba, ba sai kin wahalar da kanki da ɓuya ba. Kawo nan ki sa a gabana."

Ta tsaya cak. Ta ce, "Baba, wallahi..." ya ɗaga mata hannu.

"Kada ki rantse, 'yata. Kawo."

Ba ta sa a gabansa ba. Ta shiga ta fito, ta miƙa masa tana kallon gefe. Ya karɓa da hannu biyu, ya dube ni ta saman kofin, ya yi bisimilla, ya shanye tas. Ya kife kofin a ƙasa, ya shiga ya kwanta ya juya fuskarsa bango.

An yi biki, an yi shi da kyau. Masu jawabi a wajen walima sun sa wa Sadiƙu albarka saboda yadda yake riƙon mahaifinsa, aka ce samarin yanzu su yi koyi. Dubawar da Sadiƙu ya ce za a yi bayan biki kuwa, ba a duba komai ba. Da abin ya hana ni sukuni na nemi lambar Delu na kira ta na faɗa mata gaskiya. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Inna Tani, da bakinki kika ce ba ki ga komai ba, a gaban kowa. Yanzu kun sami saɓani da Sailuba ne? Don Allah a bar mu da abin da ya dame mu." Ta kashe wayar. Rana ɗaya gaskiyata take da amfani, kuma a ranar na ɓoye ta.

Tun daga nan nake lura. Mai koko tana shiga gidaje da yawa, kuma yanzu in na ji an ce tsohon gidan kaza ya rikice, ko tsohuwar gidan kaza barci kawai take yi, sai gabana ya faɗi. Ba duka ba, na sani, tsufa gaskiya ne. Amma na san akwai gidajen da ba a dukan tsoho, ba a zaginsa, ba a hana shi tuwo, kashe shi kawai ake yi kamar rediyo in ya dami mutane, a kuma karɓi addu'ar maƙwabta a kai. Ba wanda zai je kemis ya ce a ba shi abin da zai raba ubansa da hankalinsa. Cewa ake a ba ni abin da zai sa Baba ya huta.

Yana nan da rai. Yanzu ko an mayar masa da buhun kayan aikin ba abin da zai iya da su, hannun ya tafi. Yakan zauna a bakin ɗakin da yamma in ƙwayar ta sake shi, jirgin yana bayansa a kan benci ya yi ƙura, leɓɓansa suna motsi. Na san abin da yake maimaitawa.

Jiya na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ni ce Tani. Ka yafe mini."

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Sannu, baiwar Allah. Daga wane gida?"

Har yanzu ban sani ba ko ƙwayar ce ta yi magana, ko shi ne.